Kulɓar rairayi mai ratsin baƙi da ta biyo motar wake zuwa Jos

Wani ɗan'uwa daga Unguwar Rogo ya turo min hotuna da tambaya. Ya ce ana sauke buhunan wake a kasuwar Katako sai ga wata dabba ta fito daga tsakanin buhunan, ruwan ɗorawa da ratsin baƙi, jikinta sai sheƙi, yara suka taru da duwatsu wai mai dafi ce, wani ya ce ɗan damo ne. Shi kuma ya ba yaran na sayen alawa ya karɓe ta ya sa a kwali. Yana so ya san mece ce, tana da dafi ko babu, kuma ya kai ta bayan gari ya sake ko ya ajiye.

To ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka hana yaran nan. Abin da ke cikin kwalinka dangin kulɓa ce, amma ba kulɓar da ka saba gani a gindin katanga tana shan hantsi ba, wannan ta rairayin Sahara ce da gefenta. Sunanta na kimiyya Scincopus fasciatus, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peters da ke aiki a gidan adana samfuran dabbobi na Balin shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1864, da samfurin da aka kawo daga Aljeriya. Kuma ita kaɗai ce a zuriyarta, wato cikin rukunin Scincopus babu wani jinsi sai ita. Ni da na daɗe ina koyar da darasin dabbobi masu jan ciki, da na buɗe hoton sai da na gyara zama, don ba kullum ake ganin ta ba ko a hoto.

Ka ɗauko kwalin ka duba tare da ni. Kanta babba ne in ka gwada da jikin, idanun manya ne baƙaƙe wul, sun fi ƙarfin na kulɓar gida nesa ba kusa ba, kuma wannan idon shi ne shaidar farko cewa dabbar dare ce. Ratsin baƙin masu faɗi ne sun gitta bayan daga wajen wuya har wutsiya, ba a tsaye suke bin tsawon jiki ba irin na kulɓarmu. Cikin fari ne. Wutsiyar gajera ce mai kauri ba ta kai tsawon gangar jikin ba, ƙafafun ma gajeru ne masu ƙarfi. In ka nemi ramin kunne irin wanda kake gani a fili a gefen kan jan gwada ba za ka same shi a buɗe ba, ɓawo ya rufe shi saboda kar yashi ya shiga. Babba cikinsu tsawonta taƙi guda ne ko ɗan fi, santimita 20 zuwa 25 haka. In ka shafa bayanta za ka ji santsi kamar tangaran, kuma da ɗan tauri, saboda dangin kulɓa duka akwai siririn ƙashi a ƙarƙashin kowane ɓawo, shi ke kare su daga gogar yashi.

Wanda ya ce ɗan damo ne ya yi kuskure. Damo fatarsa kaushi ne da ita, ga dogon wuya, harshensa a rabe biyu yana fitar da shi kamar na maciji. Akwai dai dabbobi biyu da mutum zai iya rikita ta da su da gaske. Ɗaya ita ce 'yar'uwarta Scincus scincus wadda Larabawa ke kira kifin rairayi, ita ma rawaya ce da ratsi, sai dai bakinta a tsuke yake a shimfiɗe, idanunta ƙanana, yatsunta kuma suna da wasu 'yan fiffike a gefe, da rana take fita. Ita ce wadda masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka suka ɗauka da na'urar hoton ƙashi a 2009 tana cikin yashi, suka ga ashe in ta nutse ba da ƙafa take tafiya ba, manne su take yi a jiki ta riƙa lanƙwasa tana ratsawa. Ta biyun kuma wata tsaka ce mai ƙatuwar wutsiya, Hemitheconyx caudicinctus, wadda akwai ta a dajinmu na arewa, ita ma dare take fita ita ma tana da ratsi, amma kalarta ƙasa-ƙasa ce, fatarta da ƙuraje-ƙuraje ba ta sheƙi. Taka ba ko ɗaya daga cikinsu.

Maganar dafi kuwa, babu. Ba ta da dafi ko kaɗan, ba a baki ba, ba a wutsiya ba, ba a fata ba. Ƙadangarun da aka sani da dafin da ke kwantar da mutum dangin Heloderma ne, kuma suna can kudu maso yammacin Amurka da Meziko da Gwatamala, babu su a Afirka gaba ɗaya. Na san yadda muka taso, an ce tsaka in ta faɗa tuwo an gama, an ce kulɓa in ta cije ka sai dai wani ba kai ba, kuma duk abin da Allah ya yi masa kala mai haske sai mu ce alamar mugunta ce. Wallahi wannan tsoron ya kashe dabbobi marasa laifi ba adadi, alhali su ne ke cinye mana ƙwari. Ita wannan ma an san ta da sanyin hali, ba ta cika cizo ba, in ma an matsa mata ta kama yatsa iyakarta ɗan tsinke fata. Abin da ya kamata ka kiyaye shi ne ƙwayar cutar salmonela, wadda kusan duk masu jan ciki kan ɗauka a hanjinsu kuma tana sa gudawa da zazzaɓi, saboda haka duk wanda ya taɓa ta ko ya share kashinta ya wanke hannu da sabulu, kar a ajiye ta kusa da kicin, kar a bar ƙananan yara su yi wasa da ita. Kuma kar a ɗaga ta ta wutsiya, tana iya yar da ita, sake fitar da wata kuma yana cin ƙarfin jikinta sosai. Ka sa tafin hannu ƙarƙashin cikinta ka ɗauka.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni kunnenka da kyau. Wannan dabbar an same ta a Muritaniya, Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi, Sudan, an kuma same ta ta can ɗaya gefen Sahara, su Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya. Daga Muritaniya zuwa Sudan tafiyar ta haura kilomita 5,000. Amma in ka ɗauko taswira ka sa ɗigo a duk inda aka tabbatar an gan ta aka rubuta, ɗigon 'yan kaɗan ne a warwatse, tsakanin wani da wani sai ka yi ɗaruruwan kilomita babu komai. Shi ya sa da ƙungiyar IUCN, masu tantance wace dabba ce ke fuskantar ƙarewa, suka zo kanta, sai suka sa ta a rukunin waɗanda bayanan da ake da su ba su isa a yanke hukunci ba. Fiye da shekara 150 da ba ta suna ke nan fa.

Mutane in sun ji haka sai su ce ai ta kusa ƙarewa, ko kuma su ce tunda tana ƙasa goma ai tana nan da yawa. Duka biyun gaggawa ce. Dabba ta yi ƙaranci daban, a yi ƙarancin ganin ta daban, kuma ita wannan duk yadda Allah ya tsara rayuwarta ya sa ba za a gan ta ba. Da rana saman yashin can yana iya wuce digiri 60, babu mai jini irin nata da zai zauna a kai, sai ta shige ƙasa inda taƙi ɗaya ko biyu kawai ya isa zafin ya sauka sosai kuma akwai ɗan danshi. Sai dare ya yi ta fito neman buzuzu da gyare da fara da sauran ƙwari, wani lokaci ta haɗa da ɗan ganye. Lokacin sanyi da tsakiyar rani kuma fitar ma raguwa take yi, an fi cin karo da ita in damina ta sauka ƙwari suka yi yawa, daminar can kuwa wata biyu zuwa uku ce. To ka lissafa, kana buƙatar mutumin da ya san abin da yake nema, ya kasance a tudun yashi, da dare, da tocila, cikin waɗannan 'yan makonnin. Mutum nawa ne haka daga Sakkwato zuwa tafkin Chadi?

Ga kuma rashin tsaro. Tun 2009 Borno da Yobe suka shiga halin da kowa ya sani, arewacin Mali tun 2012, ga abin da ke faruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Yankin tudun yashi na Yusufari da su Tulo-Tulowa a Yobe irin ƙasar da ya kamata a ce ɗalibai na zuwa duk damina ne suna duba masu jan ciki, amma wane malami ne zai kwashi 'ya'yan mutane ya ce su fita daji ƙarfe goma na dare da fitila? Kuɗin bincike ma in ya zo giwa da zaki da tsuntsaye yake bi, ƙadangare ba shi da mai tsaya masa. Har yau in ana maganar ƙadangarun Najeriya ana komawa ne ga jerin rubutun da Gerald Dunger ya yi a mujallar Nigerian Field daga 1967 zuwa farkon shekarun 1970, samfuran da aka tara zamanin Turawa kuma yawancinsu suna cikin kwalabe a Landan da Faris da Balin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba wai mutanenmu ba su san ta ba. Na taɓa kwana a wani ƙauye a bakin iyakar Nijar bayan an yi ruwa, da asuba wani dattijo makiyayi ya ja ni gindin wani tudu yana nuna min sawu a kan yashin da bai gama bushewa ba. Ya ce wannan na kunama ne, wannan na gafiya, wannan siririn na buzuzu, wannan mai layi a tsakiya da 'yan ɗigo a gefe na ƙadangare ne ya ja wutsiya, har ya bi shi ya nuna min inda ya ƙare a gindin sabara, yashin ya ɗan loɓa, ya ce nan ya shige. Bai taɓa zama a aji ba amma ya karanta min duk abin da ya wuce a wurin cikin dare. Ilimin yana nan a ƙirjin makiyaya da manoma da mafarauta, babu dai wanda ya je ya zauna da su ya rubuta da sunan wuri da kwanan wata, shi ya sa a takarda sai ka ga kamar ƙasar babu kowa a cikinta.

Mu nan Filato mun ga amfanin dubawa da idonmu. Ɗan tsuntsun nan ja na duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, sai a 1998 aka bayyana shi a matsayin jinsi na daban daga nan yankin Jos, kuma da aka samu masu sa ido, musamman bayan kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Laminga, aka ƙara sanin rayuwarsa sosai, an kuma gano ashe har duwatsun Mandara ta wajen Kamaru akwai shi. A ɗaya hannun akwai wata ƙatuwar tsaka da aka bayyana a 1986 da sunan Cnemaspis gigas, ita a duwatsun Filaton nan kawai aka san ta, irin wannan in aka fasa duwatsun da take ciki don yin kwalta shi ke nan. Kulɓarka ba mu da hujjar sa ta a layin tsuntsun da ashe ya fi yadda ake zato yaɗuwa, ko a layin tsakar da 'yan wurare kaɗan kawai take, sai an samu ƙarin shaida.

Akwai kuma wani abu da ke sa ni rashin barci a kanta. Masu kiwon ƙadangaru a Turai da Amurka da Japan suna son ta saboda kyanta da sanyin halinta, kuma da ƙyar ake samun ta hayayyafa a keji, ma'ana kusan duk wadda ka gani a shagunansu daga daji aka kamo ta a nan Afirka. Su damo da guza da ƙadangarun nan masu ƙayar wutsiya na Uromastyx suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, sai da takarda ake fitar da su kuma ana ƙirgawa. Ita wannan ba ta cikin jerin, saboda haka ana kwasa ba tare da an san nawa ke fita ba, daga dabbar da ba a ma san nawa ne a dajin ba. In wani ya ji labari ya zo ya ce zai saya, don Allah kar ka sayar, ranar da aka ji tana kuɗi yaran da suka so jifan ta su ne za su fara aika saƙo a kamo musu.

Saboda haka abu mafi daraja a wannan lamarin yanzu shi ne sunan garin da aka yi lodin waken. Ka koma Katako tun direban bai juya ba, ko ka nemi lambarsa wajen dillalin, ka tambaye shi a ina ya ɗauko kaya, ran yaushe, buhunan a ƙasa suke jibge a gona ko a sito, ya tsaya ya ƙara kaya a wani wuri ko bai tsaya ba. In ya ce kai tsaye daga ƙauye kaza ta wajen Maigatari ko Machina ko Illela, to mun samu abin rubutawa. In kuwa kayan sun kwana a Dawanau an haɗa da na wurare daban-daban, asalin ya ɓace, sai dai mu ce an gan ta a cikin kaya kawai. Sannan ka ɗauki hoto da kyau da hasken rana, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, ɗaya na kai kusa-kusa, ɗaya na ciki, ka ajiye rula ko biro a gefenta don a gane girma. Kana iya ɗorawa a manhajar iNaturalist, kyauta ce, masana daga ko'ina suna dubawa su tabbatar, kuma waɗanda aka tabbatar suna shiga rumbun bayanai na GBIF da masu bincike ke amfani da shi. Amma ka kula da wannan sosai, in ka sa lokeshan ɗin Jos to ka danna alamar cewa a tsare take ba a dajinta ka same ta ba, ka kuma rubuta labarin motar a ƙasa. In ba haka ba gobe wani zai zana taswira ya ce kulɓar Sahara na zaune a Filato, kuskure irin wannan in ya shiga takarda yana shekaru ana kwafar sa.

Sakin ta a bayan garin Jos kuwa, a'a. Jos na sama da mita 1,200 daga teku, ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, inda ta fito kuwa da wuya ya kai 600, wasu wuraren ko 200 babu. Ƙasarmu tsakuwa ce da jar ƙasa mai tauri ba za ta iya nutsewa ba, ga shi muna shiga hunturu, ka san yadda daren Disamba da Janairu yake a garin nan. In sanyi bai kashe ta ba shaho ko kyanwa za su ɗauke ta cikin kwana biyu.

Kafin a san abin yi, ka fitar da ita daga kwali ka samo babbar roba mai zurfi irin ta ajiye kaya, ka huda murfin sosai don iska. Ka zuba yashin rafi da aka wanke aka shanya, ka haɗa da ɗan turɓaya, zurfin santimita 10 zuwa 15 yadda za ta binne kanta duka. Kusurwa ɗaya ka riƙa ɗan zuba ruwa ta ƙasa don ya yi danshi, saman ya zauna a bushe, ka sa fasasshen kasko ta samu wurin ɓuya da ɗan murfin kwalba mai faɗi na ruwan sha. Ɗumi shi ne babban aikin. Masu kiwon ta suna riƙe gefe ɗaya wajen digiri 32 zuwa 35 da rana, ɗaya gefen ya fi sanyi don ta zaɓa da kanta, da dare kuma kar ya sauka ƙasa da 20 sosai. Ƙwan lantarki irin na da mai zafi shi zai yi maka, waɗannan farare na yanzu haske kawai suke bayarwa, ka rataye shi sama da gefe ɗaya inda ba zai taɓa robar ba. In an ɗauke wuta da dare ka cika gora da ruwan ɗumi ka naɗe da tsumma ka jingina a jikin robar ta waje. Kar ka ajiye ta cikin rana a rufe, roba na ɗaukar zafi ta kashe ta cikin mintoci. Abinci ka ba ta da magariba, gyare, fara, kyankyaso, kana ɗan barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Amma ka tabbata ba daga ɗakin da aka fesa fiya-fiya ko gonar da aka yi wa feshi aka kamo su ba, kuma ka tuna waken da ta biyo ma sau da yawa ana sa masa maganin ƙwari, in ka ga tana karkarwa ko ta kasa juyawa ka nemi likitan dabbobi, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa. In ta yi kwana uku ko huɗu a binne ba ta ci komai ba kar ka tono ta, haka suke yi in sun sha wahalar hanya.

In an tabbatar da garin, kuma lafiyarta ƙalau, ba a haɗa ta da wasu dabbobi ba, abin da ya fi shi ne a mayar da ita can, a sake ta da yamma a yashi mai laushi gindin wani ɗan kurmi nesa da gidaje. In asalin ya ɓace to ka tuntuɓi sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Jos, ko da ta mutu ma kar a jefar, a sa ta a kwalba da sifirit a rubuta rana da labarin da fensir a takarda a jefa ciki, samfur ne da ɗalibai za su amfana da shi.

'Yan'uwa da ke zaune a garuruwan bakin iyaka kuma, ku ne ke da abin da mu nan ba mu da shi. In damina ta zo kuka gan ta a hanyar gona ko wajen garke, hoto ɗaya da sunan ƙauye da kwanan wata ya wadatar, ba sai an kama ba. Sai dai duk mai fita da dare ya sa takalmi mai rufi ya haska gabansa kafin ya taka, kar ya tura hannu rami, don lokacin da take fita shi ne lokacin kububuwa da kunama. In tsautsayi ya gitta maciji ya sari mutum, kar a tsaga wurin kar a ɗaure da igiya kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a wuce da shi asibitin da ke da allurar dafin maciji kai tsaye, irin na Kaltungo a Gombe ko na Zamko a nan Langtang.